Kiran Suna a Kangon Mutanen Maya

Hajiya Balaraba ta idar da magariba kenan a gidansu na unguwar Al-Jaradiya, a Riyad, wayarta ta yi ƙara. Surukinta Imran ne, daga Meziko, inda ofishin jakadanci ya tura shi bara. Yaron da kunya ba ta barinsa ya kira ta sai da sallah, yau ko gaisuwa bai yi ba.

Ya ce matarsa Surayya, 'yar Balaraba, ta ɓata. Tun asubahin can suka shiga daji da 'yan yawon buɗe ido kallon kangayen mutanen Maya na zamanin da, ta tsaya gyara takalmi, aka juyo babu ita. Awa uku shi da masu gadin wurin suna ƙwala mata kira, sai birai ke amsawa. Yanzu ma saman wani ginin dutse ya hau kafin waya ta kama. An ce akwai damisa a dajin, ga macizai.

Balaraba kuwa ta san abin da Imran bai sani ba. Shekaranjiya da Surayya ta gaya mata tafiyar, ita ce ta zazzage mata gargaɗin da ta gada wurin kakarta: kango gidan aljanu ne, in ta ji an kira sunanta kada ta amsa, kada ta waiwaya, ko da muryar mijinta ce, ko da ta uwarta. Surayya kuwa haihuwar Riyad ce, dajin da ta sani bai wuce gonakin dabinon Dir'iyya ba, kuma maganar uwa a wurinta yankan wuƙa ce.

Wato tana iya kasancewa nan kusa, maƙure a wani lungu, duk kiran da aka yi sai ta ƙara lafewa. Tsoro ya kama Balaraba.

"Mama, in sa ki a lasifika ki kira ta?"

"A'a, kada ka soma. Ku daina kiran sunanta. Ka yi kiran salla, da iyakar ƙarfinka."

Bai tambayi dalili ba. Ta ji muryarsa ta tashi tana karkarwa, ta ji birai sun ruɗe da gurnani. Ya kai ƙarshe, shiru. Ya sake. Balaraba ta durƙusa kan darduma, wayar manne a kunnenta.

Ana cikin na uku wata mace ta rusa kuka daga ƙasa, sai gudu, sai hayaniya da yaren da Balaraba ba ta ji. An daɗe kafin numfashin Surayya ya cika wayar.

"Yumma," ta ce, yadda 'yan Riyad ke kiran uwa, sannan da gurguwar Hausarta, "sun yi ta kirana, har da muryar Imran. Suna gab da ni. Wallahi ban amsa ba, yadda kika ce."

Balaraba ta buɗe baki za ta sa mata albarka, ta tuna gargaɗinta ne ya kusa salwantar da yarinyar, ta kasa.