Hannun da Baba Ya Miƙa wa Direba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Baba, hannunsa na dama ya zama baƙo a gidanmu. Mutumin da ya tsufa yana aski, ga shi ko cokali ba ya yarda ya ɗauka da shi. Likita ta ce in bai riƙa motsa yatsun nan ba za su sandare. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya miƙa wa kyanwa.

Abu ɗaya ke fito da shi falo, wani wasan bidiyo da nake yi a talabijin. Labari ne da ake saki kashi-kashi, na mutanen da ambaliya ta tsare a tashar mota. Ana cikin magana sai a jefo maka zaɓi, ga wani jan layi yana ƙanƙancewa, in ya ƙare wasan ya zaɓa maka. Da farko Baba cewa ya yi aikin marasa aiki ne. Kafin kashi na biyu ya ƙare ya zama shi ke ba da umarni, ni ke dannawa.

Doka ɗaya ya kafa: ba a komawa baya a gyara zaɓi.

"Baba, kowa fa yana yi," na ce.

"Ke, Auta, kin taɓa ganin mai aski ya mayar da gashin da ya sauke? In ka zame, ka gyara da abin da ya rage."

A kashi na ƙarshe rikicinmu ya tashi a kan Direba, wani munafuki a cikin wasan da ya sace mana kwalekwale ya gudu. Sai ga shi yana reto a bakin gada, ruwa na jan ƙafafunsa. Zaɓi ya fito: miƙa masa hannu, ko a bar shi.

"Jawo shi," in ji Baba.

"Wallahi ba zan jawo ba. Wanda ya shuka ƙaya ai shi zai taka."

"Auta, jawo shi na ce!"

Haushin Direba nake ji da gaske. Na dire na'urar dannawar a kan hannun kujerar Baba, ta ɓangaren dama, na naɗe hannuwana. Jan layin ya ci rabi. Baba ya kai hannun hagu, bai isa ba. Ya harare ni, ya dubi talabijin. Sai na ga kafaɗarsa ta ɗaga, yatsun nan suna rarrafe a kan kujera suna rawa. Babban yatsa ya zame sau ɗaya, ya dawo, ya danna.

Direba ya hau gada yana tari. Ni ko kallonsa ban yi ba. Ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da tsohon nan a lokacin ba, har hawaye suka zubo mini.

"To, Baba, yaya ka ga wasan?" na tambaya ina share ido.

"Labarin ba laifi, sun san halin mutane," ya ce yana haki. "Maballin ne ya cika tauri. Je ki ƙwato mini ƙwallon nan a wurin kyanwa."