Jan Ƙwan Rikodar Malam Maharazu

"Wannan ma matacce ne," na ce, na jefa ɗan ƙwan lantarkin cikin kasko.

Malam Maharazu yana kwance bisa tabarma a shagonsa na gyaran rediyo, nan Yankara, ƙirjinsa na kuka kamar zugazugin maƙeri. Ni Gide maƙwabcinsa, manomi ne, yatsuna sun saba da ƙotar fartanya, ba wayoyi masu kaurin gashi ba. Amma hannunsa ya daina riƙe ko cokali, dole ni na zama hannun.

Saƙo yake son ɗauka a kaset zuwa ga ɗansa Bilya, wanda ya tafi Ikko, wato Legas, shekarar ƙarin albashin Udoji bayan sun yi baram-baram, har uban ya ce kar ya ƙara taka masa gida. Jiya ya tattara ƙarfinsa ya yi magana, da muka mayar da kaset ɗin, wayam! Ashe rikodar ba ta ɗauka ba. Ɗan jan ƙwan da ke ƙyaftawa in murya na shiga ya mutu, babu mai gaya mana ko tana ɗauka.

"Ba ni ƙara magana cikin duhu," ya ce. "Numfashin da ya rage bai kai magana biyu ba."

Shi ya sa da hantsi ya sa ni haɗa abin gwaji: gwangwanin kifi, batiran tocila, waya ja da baƙa, da wani ɗan abu mai zane kamar ƙwayar shinkafa, wai shi ke rage ƙarfin wuta. Na zazzage ƙwayayen da ya ciro daga tsoffin rediyoyi ina gwadawa. Ko ɗaya bai kama ba. Gumi ya jiƙa mini riga, wallahi tsoro ya kama ni.

Matarsa Hajaratu na bakin ƙofa. "Malam, ka faɗa ma Gide da baki mana, ya kai mashi."

"Yaron nan taurin kai gare shi irin nawa. In ba muryata ya ji ba, ba shi yarda."

Saura ƙwai guda a tafina. Na taɓa masa wayoyin. Shiru.

"Sun ƙare, Malam."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Wace ƙafa... ka ba jar waya?"

"Ƙafa kuma? Ai ƙwan tocila ko ta ina ka ba shi wuta kamawa yake."

"Kai, Gide, Allah shi shirye ka. Wanga ba tocila ba ne. Doguwar ƙafa... ita ke shan ja."

Na juya shi. Ja! Ɗan mitsitsi kamar garwashi. Ashe rayayyu nake ta zubarwa a kasko tun hantsi.

Babu lokacin hura gawayi a narka dalma. Na murɗe ƙafafun da wayoyin rikodar yadda ya nuna da haɓa. Na danna maɓallin ɗauka, na kara masa ita a baki.

"Bilya." Ƙwan ya ƙyafta. Malam ya gani, fuskarsa ta saki. "Ni ne, Baba. Na yafe maka duniya da lahira. Ka zo gida, uwarka na nan."

Ya yi kalmar shahada, ƙwan na bin kowace gaɓa. Sai numfashi kawai, hasken na raguwa, na raguwa, har ya ɗauke.

Na kasa ɗaga yatsa in kashe. Kaset na ta juyawa. Daga bakin ƙofa Hajaratu ta fara "Innalillahi" a hankali, sai ɗan jan ƙwan ya sake ƙyaftawa.