Kwaɗon Mangwaro a Ɗakin Takaba

Hasiya tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida Zakari, ƙanin mijinta, ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya ce motar da ta kwaso 'yan kasuwa daga Tudun Wada ta kife kafin ta iso Doguwa, kuma Mujitaba yana ciki. Ta yi salati, ta sake yi, amma hannunta bai daina ɓara ba sai da Zakari ya janye faifan daga gabanta.

Mujitaba ɗanta ne na fari. Ya bar matarsa Raihana da ciki, ya fara fitowa.

Da 'yan gaisuwa suka watse aka lura Raihana ba ta cin komai. Tun farkon laulayinta tuwo ba ya zama a cikinta, sai kwaɗon mangwaro da mijin ke haɗa mata da hannunsa, in kwaɗon ya buɗe mata baki ta bi da kunu. Yanzu ko kunun ba ta kallo. Ungozoma ta duba ta, ta ja Hasiya gefe ta ce, "In ba ta ci ba, cikin nan ba zai tsaya ba."

Hasiya ta tsinko mangwaro wanda bai gama nuna ba, ta fere, ta yayyanka ƙanana. Ta sa tumatir da albasa da attaruhu, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa gishiri da garin ƙuli. Ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin ta ce, "Ga shi nan," ta juya. Kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Washegari ta rage attaruhu. Rana ta uku ta cire ƙulin. Maƙwabciyarta Bahijja ta ɗanɗana ta ce, "Ke dai tsufa ya cinye miki harshe, ba ni wuƙar nan." Nata ma haka ya dawo.

Ranar Hasiya ba ta juya ba. Ta tsaya a bayan labule.

"'Yar nan, me yake sawa wanda ban sa ba?"

Raihana ta amsa daga ciki.

"Babu, Inna. Naki ma ya fi nasa. Shi kullum cika gishiri yake."

"To, mene ne?"

"Zama yake. Ya fara ci, ya yamutsa fuska, ya ce ni da ɗana za mu kashe masa haƙora, sannan ya turo min. Ni kaɗai ba ya wucewa, Inna. Na gwada."

Hasiya ta riƙe labulen. Tun da take ba ta taɓa ganin uwar miji ta sa hannu a kwano ɗaya da matar ɗanta ba, balle matar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Tata surukar har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin Hasiya tana tauna ba. Ta waiga, ga Bahijja tsaye tana kallonta.

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ta wanke hannu, ta zauna a kan tabarma, ta ɗebo ta kai baki. Tsamin ya hau mata har kunne.

"Wayyo haƙorana! Wannan abin kuke ci ku ce abinci?"

Raihana ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Hasiya ba ta gane ko dariya ce ko kuka ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta tura kwanon gabanta. Can sai ga hannu ya fito daga cikin mayafin.

Raihana ta sauka lafiya da damina ta zauna, ta sami 'ya mace. Mangwaro ya ƙare suka koma goba, goba ta ƙare suka koma gwanda. Matan unguwa sun yi maganarsu har sun gaji. Har yau in an yi la'asar Hasiya takan haɗa kwaɗon, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin, ita ce ke fara kai loma.