Adireshin da ke kan kabarin Saja Ebenezer

Ni na ba su shawarar, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ina da shagon buga takardu kusa da kasuwar Zuru. Bayan an binne Saja Ebenezer, matarsa, Maman Praise, ta zo mini da wayarta, allon duk ya tsage. Saƙon muryarsa ɗaya ne a ciki, na minti biyu, yana tambayar ko an shuka dawa. Tsoronta kada wayar ta mutu da muryar.

Na ɗora muryar a ma'ajiyar intanet, inda kowa ke buɗe rumbunsa ya raɗa masa suna. A lokacin adireshi yana farawa da sunan kamfanin ma'ajiyar, sunan rumbu ya biyo baya. Don iyayi irin nawa, na ce a sassaƙa adireshin a dutsen kabari, jikoki su riƙa jin kakansu. Aka sassaƙa.

Bayan shekara uku kamfanin ya aiko sanarwa: yanzu sunan rumbu ne zai riƙa zuwa gaba, tsohon salo kwanansa ya ƙare. Ko ƙarshenta ban karanta ba. Na buɗe sabon rumbu, na kwashe kayan shagona har da muryar, na goge tsohon. Ban tuna da dutse ba. Ban kuma tuna cewa sunan da ka saki, kowa a duniya na iya ɗauka ba.

Wata Laraba da hantsi ta shigo shagon, ko gaisuwa babu.

"Malam Ladan, wanda ke cikin dutsen nan ba mijina ba ne."

"Mi kika ji, Maman Praise?"

Ta miƙo mini sabuwar wayarta, don tsohuwar ta daɗe da mutuwa. Na buga adireshin. Bai kamata ya buɗe ba sam, amma ya buɗe. Minti biyu daidai. Numfashin namiji ne, a hankali, kamar na mai hawan tudu da kaya, can nesa kuma ana saran ƙasa da fartanya. Daga ƙarshe ya kira sunan wata mace da ba mu sani ba, sau uku.

Na duba sabon rumbu: katunan biki, hotunan makaranta, komai na nan. Muryar Saja ce kaɗai babu.

"Wani ne ya ɗauki sunan," na ce. "Ƙila ma daga wata ƙasa."

"Da yarenmu ya kira ta," in ji ta.

Ta karɓi wayar, ta goge allon da bakin zaninta.

"Wata biyu ke nan ina zuwa ina saurarensa, don kada ya yi ta kira ba mai ji. Ban zo faɗa ba, Malam. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Nawa mijin, a kabarin wa yake magana?"