Jan Layi a Kan Filin Makaranta

Aikin Halimatou a Lyon, ƙasar Faransa, shi ne zana taswirar inda narkakken dutse zai bi idan wani dutse mai aman wuta a Kamaru ya sake tashi, ko bana ko bayan jikokinmu. Inda ta ja jan layi, ba a gini. Turawan ofishinsu ma shakkar bakinta suke yi. Amma a gaban surukinta, Alhaji Soumaïla, ko tari ba ta iya yi da ƙarfi.

Ran Asabar ta je Montreuil, kusa da Paris, gaishe shi, ta tarar da abokansa cike da falo. Ya miƙo mata waya. Hoton wani fili ne a gindin dutsen, inda ƙaninsa da sauran Hausawan da ke zaune a can suke son gina wa yaransu makaranta.

Kallo ɗaya ta gane kwarin. Da hannunta ta shafa masa ja a taswira.

"Ga ɗiyata nan, ita ta karanci dutsin ga," in ji Alhaji, yana duban abokansa da alfahari. "Hwaɗa muna, akwai matsala?"

Dattawa suka zuba mata ido. Yaya za ta ce wa uban mijinta, a gaban mutane, filin da ya yi ta yabo hanyar wuta ce? Ta sunkuyar da kai.

"In sha Allahu ba komai, Baba."

Nufinta ta same shi shi kaɗai daga baya. Alhaji kuwa ba ya barin abu ya huce. Nan take ya kira Kamaru ya ce a fara haƙa harsashi, masaniya ta yi magana. Har ta yi sallama falon bai watse ba.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon kunya da haushin kanta suka hana ta sakat. Ta san dutsen zai iya yin shiru har ta mutu, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Wannan ne ya fi damun ta, domin yaran da za su zauna a ajin ba a ma haifi wasunsu ba.

Ta daure ta kira Alhaji.

"Baba, maganar filin nan..."

"Yawwa ɗiyata, yanzu nike shirin kiranki!" Muryarsa cike da murna. "Mutanen sun gama shawara. Sunanki za su sa ma lakwal ɗin, makarantar yaran."