Takardar Iya Kande

Daren jiya na yi wani mafarki, zan kuma faɗe shi yadda ya zo, ba ƙari.

Amma a fara sanin abu guda. Ni Barnaba kafinta ne, dattijo a ikilisiyarmu, ni nake yi wa masu neman baftisma tambayoyi. Ban shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, da kaina na koya. A wani tsohon ƙamus na tsinci kalmar Theos, wadda ke nufin Allah a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Na sassaƙa ta a katakon maɗaci, na kafa bisa ƙofar majami'a. Ran Alhamis na ce wa Iya Kande, tsohuwa mai daddawa, ta bayyana mini yadda Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke Allah ɗaya. Ta ce, "Ɗan nan, bakina bai iya ba." Na ninke takardarta ta neman baftisma ban sa hannu ba. Shekara ta uku ke nan ina mai da ita. Ba na wasa da koyarwa.

A mafarkin, rana tsaka ce, ina tafe da katakon nan a ka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Ɗigo ya fito ta tsakanin yatsun ƙafata, ya wuce gemuna, ya yi sama. Mata sun kifa bokitai bisa kawunansu suna tarawa.

Sai ga ni a bakin kogin da muke baftisma. Kogin yana raguwa, don shi ma sama ya nufa. Iya Kande na tsaye a tsakiyarsa da farin zane, ruwa iya ƙirjinta.

A gaɓa an kafa tebur. Wani bunsuru mai tabarau ne a kujera, awaki biyu a gefensa suna tauna fayil.

"Malam kafinta, sauke kayanka," in ji bunsurun. "Su nawa ne a ciki?"

Na ce, "Ɗaya."

"To Ɗan da Ruhun, a ina ka baro su?"

"Suna nan. Uku ne."

"Madalla." Ya turo mini zarto da ƙafa. "Raba uku. Ofishin nan ba ya karɓar kaya a haɗe."

"Ba a rabawa."

"Ashe ɗaya ne."

"Ɗaya ne, uku ne kuma."

Ya cire tabarau ya lashe su. "Bayyana. Sai ka bayyana za a nutsar da tsohuwa. Ruwa kuwa ba ya jiran ofis."

Na duba. Ruwan ya sauka zuwa ƙugunta.

Na gyara murya irin ta ajin baftisma. Na ce kamar duwatsun murhu ne, uku, tukunya ɗaya. Akuyar hagu ta haɗiye takardar bakinta ta ce, "Ke nan kowanne guntun Allah ne, in an cire ɗaya tuwo ya zube?" Na ce a'a. Na ce kamar ruwa ne da ƙanƙara da tururi. Akuyar dama ta ce, "Ke nan mutum ɗaya ne yake sauya riga?" Na ce a'a. Na laluba kaina, babu saura. Shekara goma sha biyu ina tambayar mutane, abin da nake da shi ke nan.

Ruwan ya kai gwiwarta. Kifaye suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya, ba su ko kaɗa wutsiya.

Sai na ga zarton a hannuna, haƙoransa a kan katako, daidai tsakiyar harafin farko, mai kama da ƙwarya da aka ɗaure wa ɗamara. Hannuna yana ja, ni ban sa shi ba. Garin katako yana tashi. Na yi ƙoƙarin saki, yatsuna suka ƙi.

"Ɗan nan!" Iya Kande ce ta ƙwala daga kogi. "Kada ka ɓata aikinka. Katakon yana da kyau."

Bunsurun ya juya gare ta. "Iya, ke su wa kike kira in za ki yi addu'a?"

"Uban da ya yi ni. Ɗan da ya mutu saboda ni. Ruhun da yake zungurata in na yi ƙwauron mudu."

"Sau nawa kike durƙusawa?"

"Kai, da wannan gwiwar tawa? Sau ɗaya. Ai ba gida uku na je ba."

Awakin suka daina tauna. Zarton ya faɗi daga hannuna, ya yi sama.

Na ce wa bunsurun, "Ka ji amsa. A nutsar da ita, ruwa zai ƙare!"

Ya mai da tabarau a hancinsa. "Mu awaki ne, Malam. Ba mu taɓa hana kowa ba. Sa hannunka ake jira."

Takardar tana aljihuna, a ninke kamar yadda na bar ta. Na zaro ta, na nemi biro. Na laluba aljihun dama, ƙusa. Na hagu, ƙusa. Bayan kunne, ƙusa. Ruwan ya kai idon sawunta. Ta tattara zane ta durƙusa a cikin ɗan abin da ya rage, tana tare ɗigon da tafin hannu don kada ya gudu.

"Yi a hankali, ɗan nan," ta ce. "Na saba jira. Sai dai ban sani ba ko zan ga ruwan baɗi."

Ɗigo na ƙarshe ya tashi daga gabanta, ya zo daidai fuskata ya tsaya.

Ƙwam, ƙwam, ƙwam. Mai ruwa ne yake buga jarka a ƙofar gida, yana tambaya ko za a zuba. Gari ya waye, Lahadi ce, baftisma ƙarfe goma. Rigata na rataye a ƙusa, takardar na leƙowa daga aljihu.

Na ce wa matata, "Rifkatu, bar maganar ruwa tukuna. Ina biro?"