Gadon da Ya Maƙale a Ƙofar Kicin

Gadon ya maƙale a ƙofar kicin, Delmer kuma yana kwance a kai yana ba da umarni.

"Ku ɗan karkata shi mana. Kai Hoyt, hannun naka na ado ne?"

Verlie maƙwabciyarsu ta shigo da tukunyar wake da burodin masara, ta tarar ɗansa Hoyt na turawa, matar Delmer, Ozella, na ja daga cikin ɗakin kwana. Ta ajiye tukunya ta nemi kujera. Abin da ya daɗe yana cin ta ne ta ga alamar yau zai fito fili.

Gidan nan iyakar jiha biyu ce ta ratsa shi: kicin na jihar Tennessee, ɗakin kwana na Virginia. Delmer da hannunsa ya ja layin da jan fenti a dokin ƙofa. Aikinsa kaf a kamfanin kujeru na Virginia ya yi shi, amma kwana sai kicin, gefen firji. Wai wani mai cike takardun haraji ne ya gaya masa inda gadonka yake nan ce jiharka, Tennessee kuwa ba ruwanta da albashin mutum. Virginia dai ba ta fasa yankar nata ba tunda a can yake aiki, duk shekara sai ya cike mata takardar harajin wanda ba mazauninta ba yana tsaki. Ozella ta ce ita ba mai kwana da gurnanin firji ba ce. Shi ke nan, miji a wata jiha, mata a wata. Yadda aka yi aka samu Hoyt, Verlie ba ta taɓa tambaya ba, ba don ba ta so ba.

Yanzu likita ya ce saura kwanaki, Delmer ya ce a kai shi ɗaki.

Hoyt ya share gumi. "Baba, in ka cika a can, da jiha biyu zan yi ta fama. Ga maganar fanshonka."

"Ni zan cike musu? Tura."

Verlie ta matso da kujerarta. "Delmer, tsakaninka da Allah, harajin ne ko faɗa kuka yi?"

"Harajin ne. Shekarar farko."

"Sauran fa?"

Ya kalli rufi. "Ba ta ce in dawo ba."

Ozella ta saki gadon. "Ni na kore ka? Da ƙafarka ka fita, ka ja wa kanka layi kamar filin ƙwallo."

"Da kin yi magana."

"Da ka buga ƙofa, tsohon banza. A buɗe ma take."

Gadon asibiti ne, rabinsa ya shige, amma ƙarfen gefensa ya fi ƙofar faɗi. Hoyt ya ce bari ya ɗauko guduma ya cire katakon ƙofar. Delmer ya ce a bar shi haka, daga nan ma yana hango tagarta. Ozella ta jawo nata gadon har ya taɓa nasa. Mai son ruwan sanyi sai ya zagaya ta bayan gida.

A nan ya cika, ranar Talata da hantsi, tana taje masa kai.

Ma'aikaciyar jinyar da ta zo cike takardar mutuwa ta tsaya da biro a hannu. "Mama, wace jiha zan rubuta?"

Verlie ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo ta leƙa ƙarƙashin gado. Layin daidai ƙugunsa ya bi.

Ozella ta ce, "Rubuta Virginia. Kai da ƙirji suna wajena. Ƙafafun su riƙe abinsu."

Bayan mako guda Verlie ta je karɓar tukunyarta. Ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofar baya. Ga Ozella a kicin, ta shimfiɗa bargo inda sawun ƙafafun gadonsa yake, tana barcin rana da takalmanta. Firjin yana ta gurnaninsa.